Wuya Ɗaya Gabas, Ɗaya Yamma

Abba ya ba ni wa'adin mako guda. Ranar Lahadi da safe ya faɗa, yana goge tabarau, ko kallona bai yi ba.

"Shekara biyu ke nan da ka gama sakandare, Ɗayyabu. Kafin Lahadi mai zuwa ka kawo min takardar ɗaukar aiki, da hatimi da sa hannu. In babu, Litinin ka tafi Rigasa wurin kawunka Isma'ila. Yana neman mai zauna masa a shagon siminti."

Na ce, "To."

Abba shekararsa talatin da ɗaya yana aikin gwamnati. A wurinsa abin da ba a buga a takarda ba bai faru ba. Ni kuma ba ni da yawan magana. Ƙanwata Umaima ta ce in na yi jimla uku a rana ɗaya, to washegari hutu nake.

Abu ɗaya na iya a duniya, kaɗa jita. Tawa ta lantarki ce, mai tsirkiya shida, na saye ta a hannun wani abokin karatuna da ke kaɗa wa cocinsu. Shekara biyun da Abba ke faɗa, a ɗaki na yi su da ita. Sai wata rana na ga wani bidiyo a waya. Wani mutum ne tsaye da jita mai wuya biyu, ɗaya a saman ɗaya. Ba ya fizgar tsirkiya ko kaɗan. Yatsunsa duk suna kan wuyoyin, yana ƙwanƙwasa tsirkiyoyin a kan 'yan ƙarafan da ke gicciye, kamar mai buga takarda a kwamfuta. Hannu ɗaya na ba da babbar murya ta ƙasa, ɗayan na rera waƙar a sama. Mutum ɗaya ne, amma in ka rufe ido sai ka rantse su biyu ne.

Na kalla har data ta ƙare. Na sayi wata na sake kallo. Wata bakwai ina gwada ƙwanƙwasar nan a wuya ɗaya, hannayena suna ta karo da juna kamar 'yan Keke a ƙarƙashin gadar Kawo.

Litinin da safe na tafi Unguwar Sarki wurin Oga Shu'aibu. Yana da situdiyo a saman wani kantin magani, inda yake buga wa amare waƙa, 'yan kasuwa kuma talla. Duka da fiyano yake yin su. Zuwana na huɗu ke nan neman aiki a wurinsa.

Ya ɗago, ya ture abin jin sauti daga kunne ɗaya.

"Mai jita, kai ne kuma? Ɗan'uwa, tsaya in yi maka dalla-dalla." Ya danna fiyanon da hagu, ta yi gurnani. Ya danna da dama, ta yi waƙa. "Ka ji? Ƙasa da sama, ni kaɗai. Jitarka sama kawai take ba ni. In na ɗauke ka sai na nemo mai kaɗa ƙasa, kun zama biyu. Ɗakin nan ka ga wurin mutum biyu?"

"In na ba ka duka biyun fa?"

"Kai kaɗai?"

"E."

"Da jita?"

"E."

Ya dube ni tun daga silifas har hula. "Wallahi amare sun fara ce min waƙoƙina duk ɗaya ne, suna kawai nake canzawa. Ina son sabon amo. Ka zo Asabar bayan azahar. In ka yi abin da ka faɗa, na ɗauke ka."

"Da takarda?"

"Wace takarda?"

"Ta ɗaukar aiki. Mai hatimi."

Ya yi dariya har abin kunnen ya zamo wuyansa. "Ka yi tukuna. In ka yi, ko satifiket kake so zan ba ka."

A ƙarƙashin gadona akwai wata jitar, mai tsirkiya huɗu masu kauri, irin wadda ke ba da muryar ƙasa. A Kasuwar Barci na same ta wurin mai gyaran rediyo, jikinta a tsage amma wuyan lafiya lau. Na daɗe da ajiye ta don ranar da zan haɗa su wuri ɗaya. Ranar ta zo ba shiri. Na kwashi biyun na nufi wurin Baba Datti.

Baba Datti kafinta ne a nan Rafin Guza, bayan layinmu. Aikinsa ƙofofi da tagogi. Tun ina yaro Bahago yake kirana, har yau ban ji ya kama sunana ba.

Na ajiye su a kan bencinsa. "A haɗa su, Baba. Jiki ɗaya, wuya biyu."

Na ciro waya in nuna masa bidiyon, na tarar ta mutu. Kwana biyu babu wuta a layinmu.

"Bar wayar nan, Bahago, yi min da baki. Wuya biyu ka ce?"

"E."

"Hannu ɗaya a wannan, ɗaya a wancan?"

"E."

"Lokaci guda?"

"E."

Ya cire fensir daga bayan kunne, ya ɗan karkata kai. "Kamar ƙofa mai ƙyaure biyu ke nan."

Ban gane abin da ya kawo ƙofa ba, amma na ji biyu a ciki. Na ce, "E."

"Jibi ka dawo."

Laraba da hantsi na dawo. Ya lulluɓe aikin da tsohon labule, ya tsaya a gefe yana murmushi kamar mai shirin buɗe sabon asibiti. Ya yaye.

Wuya ɗaya ya nufi gabas, ɗaya ya nufi yamma.

Ya yanke jikin kowacce, ya haɗa su a tsakiya, ya goge mahaɗar har ba ka ganin layi, ya shafa mai tana ta ƙyalli. Mai shida tana hagu inda take. Mai huɗu kuwa ya juya ta, wuyanta ya miƙa dama. Kowane wuya ya ɗan ɗaga sama kamar ƙahon bijimi. Tsawonta ya fi tsayina.

Na dubi wuyan gabas, na dubi na yamma.

"Baba, gefe ɗaya ake yi."

"Gefe ɗaya me?"

"Wuyoyin. Ɗaya a saman ɗaya. Duk a hagu."

Murmushin ya tafi. "Hannunka na dama a ina yake?"

"A dama."

"Na hagu fa?"

"A hagu."

"To don me zan kai wa hannun dama wuyansa gidan maƙwabci? Shekara arba'in ina yin ƙofa, ban taɓa kafa ƙyaure biyu a jikin bango ɗaya ba. Kowanne da nasa bangon, su haɗu a tsakiya. Haka ake yi."

"A kwance min."

"A kwance? Na yanke, na sa gam, na buga turakun madaci huɗu a ciki, na ɗaure da farantin ƙarfe ta baya. Wannan sai dai gatari. Sau huɗu na tambaye ka, sau huɗu ka ce e. Bakinka ciwo yake yi?"

Gaskiyarsa ce. Na ɗora ta a ka kamar mai ɗauke da katakon rufi, na kama hanya. Mai rake na bakin layi ya daina fere, ya bi ni da ido har na sha kwana.

Umaima tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na shigo a karkace, wuya ɗaya ya riga ni shiga, ɗaya yana soro. Ta dube ni, ta dubi abin. Ta ajiye tiren a hankali don kar ya zube, sannan ta fashe.

"Wayyo cikina! Ya Ɗayyabu, wannan jita ce ko abin shanya? Mama, fito ki ga, an kawo mana inda za mu dinga rataye zannuwa!"

"Matsa."

"Kai ka ce kana son mai wuya biyu, ai ga shi ka samu. Wuyar ɗauka da wuyar kaɗawa!"

Na shige ɗaki na jingine ta da bango. Na zauna a bakin gado ina kallonta. Jita biyu nake da su shekaranjiya, yau ba ni da ko ɗaya. Har na fara jin ƙurar siminti a maƙogwaro.

Da azahar aka kawo wuta. Ba don ina sa rai ba, sai don zaman ya ishe ni, na tashi. Juyin da Baba Datti ya yi wa mai huɗu ya mai da tsirkiyoyinta a kife, mai kauri ta koma ƙasa. Na kwance su na sake jerawa. Ina da wata ƙaramar sifika irin ta masu tallan maganin gargajiya, mai ramin makirufo biyu. Na soka waya biyu. Na cire igiyar tsohuwar jakar makaranta na rataya abin a kafaɗa. Nauyinta ya kai rabin buhu.

Ni bahago aka haife ni. Kakarmu ta yi ta bugun hannuna na hagu da ludayi har na koyi cin tuwo da dama, malamin Islamiyya ya ƙarasa aikin har na koyi rubutu. Shi ya sa hannayena hali biyu gare su. Na hagu shi ne nawa, ɗan gata ne, abin da ya ga dama yake yi. Na dama kuwa ma'aikacin gwamnati ne. Ba ya son aikin, amma in ka miƙa masa abu zai yi ta maimaitawa har a tashi ofis, ba tambaya.

Hagu ya tarar da jitarsa a inda ya saba. Dama ya kama ɗayan wuyan, babban yatsa a baya, huɗu a kan tsirkiya. Na ba shi sauti huɗu kawai. Na ƙwanƙwasa na farko da ɗan ali, sifikar ta yi gurnani har murfin kwano ya yi rawa a kan taga. Dum. Dum. Da-dum. Ya maimaita. Ya sake maimaitawa. Na bar shi yana yi, na saki hagu a kan mai shida.

Ba su yi karo ba.

Wata bakwai suna tattaka juna a lungu ɗaya, yau kowa da titinsa. Ƙasa tana tafiya, sama tana tsalle a kanta, ni ina tsakiya hannu a buɗe kamar wanda 'yan sanda ke caje. Na tsaya. Na sake. Ya sake yiwuwa. Wani abu ya taso min daga ciki kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe. Na ji wani yana ƙyaƙyata dariya a ɗakin, ashe ni ne.

Labule ya ɗaga, Umaima ta leƙo. "Mama! Mama! Ya Ɗayyabu na dariya! Wallahi haƙoransa cikakku ne, har da na ciki!"

"Ba ni ribom biyu."

"Kitso za ka yi?"

"Ba ni dai."

In kana ƙwanƙwasa, tsirkiyoyin da ba ka taɓa ba sukan yi ta zuga da kansu, suna shiga maganar da ba tasu ba. Na ɗaure ribom ɗaya a bakin kowane wuya, ɗaya ruwan hoda ɗaya ruwan ɗorawa, suka yi tsit. Sai abin da yatsa ya buga kawai ke fita. Na yi ta yi har aka kira la'asar, na yi salla na dawo, na yi ta yi har magariba. Yatsuna na dama suka yi bororo, ban damu ba. A wurin cin abinci Mama ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Alhamis matsala ta fito. Sauti huɗu a wuri ɗaya ba waƙa ba ne. Waƙa tana hawa tana sauka, dole hannun dama ya zame gaba ya dawo baya. Da ya tashi zamewa sai na duba inda zai sauka. Da na dubi dama sai hagu ya ɓata. In na koma hagu, dama ya faɗa ramin da ba nasa ba. Mutumin bidiyo wuyoyinsa a jere suke, kallo ɗaya ya ishe shi. Nawa kuwa ɗaya na unguwar Kawo, ɗaya na can Mando.

Umaima ta zauna a bakin ƙofa da kofin gari, tana sha tana kallona.

"Ya Ɗayyabu, sallamar nan ba ta ƙarewa ne? Tun safe kake sallamewa, dama, hagu, dama, hagu. Raka'a nawa ka yi?"

Kafin yamma wuyana na gaske ya sage, ko waiwaye ba na iyawa. Ta ce wuya uku ke nan, in na ƙara ɗaya za ta kira 'yan jarida.

Juma'a da sassafe na sake ɗora ta a ka na koma wurin Baba Datti. Wannan karon na yi magana. Na rataya ta a gabansa, na nuna masa yadda hannu ke zamewa, na faɗa masa inda ido ke kasawa, na maimaita, har na zana masa a ƙasa da tsinke.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe kana da baki."

Ya shiga ciki ya fito da gwangwanin madara cike da 'yan ƙusoshin kujera masu kan tagulla.

"Ni in ina fere katako ba na kallonsa, babban yatsa ke gaya min inda nake. Naka yana bayan wuyan nan yana zaman banza. Nuna min inda hannun ke tsayawa."

Na nuna masa wuri uku. Ya ɗan huda da siririn abin huji don kar katakon ya tsage, ya buga ƙusa uku a bayan wuyan, kowacce kanta ya ɗan fito kamar ƙwayar dawa.

"Rufe ido."

Na rufe. Na zame hannu. Babban yatsa ya ci karo da ta farko, ya tsaya cak. Na wuce, ta biyu. Ta uku. Na dawo baya ba kuskure.

"To ka daina juye-juyen nan kamar fanka. Kalli gabanka, kamar mai tuƙa keke."

Na rungume shi da jitar a jikina, saura kaɗan wuyan gabas ya kwashe masa hula.

"Kai, Bahago, sake ni! Jiya-jiya kake neman gatari!"

Asabar bayan azahar na tsaya a bakin titi. Keke uku suka rage gudu, suka duba, suka ƙara mai. Na huɗu ya tsaya.

"Malam, ku nawa ne?"

"Ni kaɗai."

"Wannan fa, ƙanwarka ce?"

Na zauna a tsakiyar kujerar baya na ɗora ta a cinya. Wuya ɗaya ya leƙa ta dama, ɗaya ta hagu. Direban ya fito ya zagaya, ya yi tsaki, ya tsinci jar leda ya yaga biyu, ya ɗaura a kowane kai kamar yadda ake yi wa motar da ta ɗauko rodi. Muka tashi ledoji suna kaɗawa. A ƙarƙashin gadar Kawo wani kwandasta ya leƙo daga bas ya yi ihu, "A ba jirgi hanya, zai sauka!" Direban ya dinga danna hon yana amsa gaisuwa kamar nasa ne. Na yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ta ƙi ɗauruwa.

Oga Shu'aibu ya tarye ni a saman bene. Ya ja baya taku biyu.

"Innalillahi. Wa ya yi maka wannan?"

"Mai ƙofa."

"Ya nuna."

Ɗakin ɗaukar sauti bai fi girman kabad ɗin kaya ba, an manne bangonsa da soson katifa. Ta tsawo jitar ta shiga, amma da na rataya ta sai kowane wuya ya soki bango. Muka gwada ta kwana, muka gwada ina durƙushe. Ya share zufa ya ce in fita baranda. Ya jawo wayoyi biyu ta taga ya soka min, ya juyo da babbar sifika ɗaya waje don in ji kaina. Barandar tana kallon titi.

"Waƙar wata amarya ce, Halima, gobe ne kamunta. Ganga da murya sun shiga. Na kashe fiyano gaba ɗaya. Ka ji ta sau ɗaya, sannan ka cike min ƙasa da sama."

Na saurara. Hawa uku ne, daidai ƙusa uku. Na ɗaga masa kai.

Ganga ta fara. Dama ya shiga aiki, hagu ya bi. Layi biyu suka wuce lafiya. Sai wani a ƙasa ya yi ihu, "Kai, ku dubi wani da ƙaho!" Na kalli ƙasa. Daga nan idona ya zame zuwa hannun dama, shi kuma da ya ga ana kallonsa sai ya rikice, ya tsallake ƙusa. Sifikar ta yi wani kuka kamar an taka akuya.

Kiɗan ya tsaya. Oga Shu'aibu ya leƙo ta taga.

"Ƙasa ta faɗa rijiya. Ɗan'uwa, gobe ne bikin nan, ba ni da yini. Sau ɗaya ya rage maka, in ba haka ba in kunna fiyanona."

Na tuna Kawu Isma'ila, gashin girarsa fari fat da siminti, yana zaune tun safe yana korar ƙuda da kwali. Na share yatsuna a wando. A can tsallaken titi akwai baƙin tankin ruwa a kan wani bene. Na kafa masa ido.

"Saka."

Ganga ta fara. Babban yatsa ya lalubo ƙusarsa. Dum. Dum. Da-dum. Ban dube shi ba, ya kama aikinsa. Hagu ya shigo a hankali yana bin muryar mai waƙar, tana faɗa yana amsawa. Hawa na farko ya zo, dama ya zame ya tsaya cak. Na biyu, cak. Da na ga haka sai na sakar wa hagu linzami. Ya fara ƙara abin da babu a waƙar, yana gudu sama yana gangarowa, yatsa huɗu suna zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Dama ko a jikinsa, yana nan yana buga abin da aka ba shi.

Ban kalli ƙasa ba, amma ina ji. Hon ɗin Keke ya ragu. Wani yana tafi. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Ƙafata ta fara bugun siminti da kanta, kafaɗuna suka shiga, wuyoyin biyu suna sama suna ƙasa kamar shaho zai tashi. Tankin nan ma sai na ga kamar rawa yake.

"Kar ka tsaya!" Oga Shu'aibu ke ihu ta taga. "Kar ka tsaya, ina ɗauka!"

Waƙar ta ƙare ban sani ba. Sai da na ji babu ganga sannan na ɗaga hannu. Na leƙa. Titi ya cika har bakin kwalbati. Mai kantin magani ya fito da farar rigarsa, riƙe da kwalbar maganin tari da ya manta bai miƙa wa mai ita ba.

Oga Shu'aibu ya fito ya zagaye ni. Ya leƙa bayan jitar, ya shafa aljihuna.

"Ina ka ɓoye wayar da ke kunna maka kiɗan?"

"Babu waya."

"Ƙarya ne. Sake yi, ka ɗaga hannu ɗaya sama in gani."

Na fara, na ɗaga hagu. Sama ta ɗauke, ƙasa kaɗai ke tafiya. Mutanen titi suka ce, "Eeee!" Na mayar, na ɗaga dama. Ƙasa ta ɗauke, sama na ta surutu ita kaɗai. Suka ce, "Eeee!" Na haɗa biyun, wuri ya kaure. Sau uku suka sa na yi.

"Amma a juye kake yi," ya ce yana haki kamar shi ya kaɗa. "Ƙasa a dama, sama a hagu."

"Bahago ne ni."

"Ko a kife kake yi ba ruwana. Litinin ƙarfe goma."

"Takarda."

"Kai, da gaske kake?"

Muka sauka shagon buga takardu da ke gefen kantin maganin. Oga Shu'aibu ya tsaya a bayan mai bugawa ya ce, "Rubuta: Assalamu alaikum, wannan yaro ya iya." Daga nan ya ƙare. Bai taɓa rubuta irinta ba.

Ni kuwa a gidan Abba na tashi. Na ce a sa lambar wasiƙa a sama ta hagu, kwanan wata ta dama. A sa kan magana a tsakiya a ja masa layi. A fara da cewa an umarce ni in sanar da kai. A faɗi ranar kama aiki da lokacin shiga. Mai bugawa ya waiwayo ya dube ni da girmamawa.

"Muƙami fa?" ya tambaya.

"Makaɗi mana," in ji Oga Shu'aibu.

"Abba ba zai karɓa ba."

Ya sosa gemu. "Jami'i. Jami'in Tsirkiya." Ya dubi jitar da ke jingine ta tare rabin shagon. "A'a, dubi girmanta. Sa Babban Jami'in Tsirkiya."

Ya hau sama ya ɗauko hatimin situdiyo, ya hura masa iska daga baki, ya danna da hannu biyu. Ya sa hannu mai wutsiya har ta fita daga layi.

Bayan la'asar na tarar da Abba a ƙofar gida kan kujerar roba, rediyo a cinya. Na jingine jitar a soro, na durƙusa na miƙa masa ambulan. Ya rage muryar rediyo. Ya sa tabarau. Ya karanta tun daga lamba har sa hannu, ya koma farko. Ya ɗaga takardar sama ya duba hatimin ta hasken rana.

"Babban Jami'i," ya ce. "Ni sai da na shekara goma sha tara kafin a kira ni haka."

Ya sake duban takardar.

"Nawa ne a ƙarƙashinka?"

Na yi tunani. Shida a hagu, huɗu a dama. "Goma."

Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Kwana uku yana jin gurnanin sifika ta bangon ɗakinsa, ya san ko su wane ne goman.

"Ka riƙe su da kyau. Ƙarfe goma kuma ba lokacin shiga ofis ba ne. Tara da rabi ta same ka a can."

"To, Abba."

Ya zaro jan biro daga aljihun gaba, ya rubuta "Na gani" a kusurwar takardar, ya sa hannu da kwanan wata. Sannan ya ɗauki waya ya kanga a kunne.

"Isma'ila? Lafiya lau. Ka nemi wani a shagon nan, yaron ya samu aiki." Ya saurara. "A Unguwar Sarki." Ya sake saurarawa, ya dubi takardar ta saman tabarau. "Sashen tsirkiya."

Na tashi a hankali na shiga soro, inda ba mai ganina. Na yi tsalle uku, na naushi iska da hannu biyu. Sannan na gyara fuska na shiga gida.